Darar da muka sa aka gina mana a waya: abin da na gani wurin yaran Ƙofar Ƙaura

A cikin takardar yarjejeniyar da na sa wa hannu, kalma guda ce ta ci mana sati ukku da naira 100,000. Kalmar kuwa ita ce "dara". Ni na rubuta ta da hannuna, Injiniya ya karanta ya gyaɗa kai, muka tashi kowa na ganin an fahimci juna. Ashe darar da ke kaina daban, wadda ke kanshi daban. Zan dawo kan wannan, amma bari in fara faɗin ko su wa ye mu, don a gane abin da ya kai dattawa da furfura shagon masu rubuta manhaja.

Mu 'yan wata majalisa ne ta wajen Ƙofar Sauri a birnin Katsina. Tun muna samari muke zama gindin wani bedi bayan la'asar, a haƙa gidajen dara a ƙasa, wannan ya karyo tsinke, wancan ya tsinto tsakuwa, a yi ta gwabzawa har a kira magariba. Yau bedin na nan, mu ne ba mu nan. Aiki ya kwashe wasu zuwa Abuja da Kaduna, mutum biyu na Legas, ɗaya na Maraɗi yana harkar hatsi, Alhajinmu kuma ya daɗe da zama Jidda. Mu 43 ne a rajista, amma waɗanda suka rage cikin gari ba mu kai goma ba. Ni ne sakatare, don haka duk wahalar da ba ta da mai ita a kaina take sauka.

Muna da zaure a WhatsApp kamar kowa. Zaɓen 2023 ya kusa kai shi ƙasa. Daga mai turo bidiyon ɗan takararshi sai mai turo na zagin ɗan takarar wani, mutum ukku suka fice cikin fushi, sauran suka yi gum. Bayan ƙura ta lafa ne babbanmu, wanda muke ce ma Sarkin Dara, ya faɗi maganar da ta jawo duk wannan aiki. Ya ce, "Ku dama can ba hira ta haɗa ku ba, dara ce. Hirar a bakin dara take fitowa. Kun ɗauke darar kun bar baki kawai, ai dole ku yi faɗa." Muka duba Play Store, muka samu ludo iri-iri da karta, amma ba mu samu darar da muka sani da dokokinmu ba. Waɗanda muka gwada kuma cike suke da tallace-tallace, wasu ba ka so su faɗo a waya kana zaune kusa da surukinka. Sai ɗan wani daga cikinmu ya ce akwai wasu yara a wani bene wajen Ƙofar Ƙaura da ke gina manhaja.

Ba zan faɗi sunan shagon ba, tunda akwai yabo akwai kuma suka a abin da zan rubuta. Ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu, tebur huɗu, fanka, batura biyu na sola a lungu. Su ukku ne. Babbansu shi muke ce ma Injiniya, a nan garin ya karanta ilimin kwamfuta. Sai wata yarinya mai ƙarancin magana, wadda daga baya na gane ita ce ƙashin bayan shagon. Sai ƙaraminsu mai zane, shi ke tsara yadda fuskar manhaja za ta kasance. Abin da ya fara sa na sakankance da su shi ne tambayar farko da Injiniya ya yi mani bayan na gama bayani: "Baba, me ya hana ku ci gaba da zama a WhatsApp ɗin? Kyauta ne, kuma ba za mu iya gina wanda ya kai shi ba." Mai neman kuɗinka ba ya fara da korar ka. Na ce mashi dara ce ta hana. Ya ce to idan dara ce, akwai magana.

Sun nemi miliyan 1 da dubu 200, muka yi ta ja har aka tsaya a 900,000, biya sau ukku. Za su gina wurin hira mai ɗakuna, da wasanni ukku a ciki: dara, ludo da kacici-kacici. Suka ce sati takwas. Wata biyar aka yi. Wannan ban ɗora masu laifinshi duka ba, don rabin jinkirin daga wajenmu ya fito.

Zuwana na biyu ne na fahimci abin da muke saye, kuma na ga ya kamata duk mai niyyar irin wannan aiki ya nemi a nuna mashi haka kafin ya biya ko sisi. Injiniya ya ɗora wani ɗan akwatin wayfai bisa tebur, ya zare mashi layin intanet gaba ɗaya. Ya ce ni da Ma'aji mu haɗa wayoyinmu da shi, mu buɗe burauza mu rubuta wasu lambobi masu ɗigo-ɗigo da suka fara da 192.168. Na rubuta "Salamu alaikum", kafin in ɗaga kai ta bayyana a wayar Ma'aji. Babu data, babu kati. Muna cikin mamaki sai ya miƙa hannu ya rufe murfin laftof ɗin da ke gefe. Nan take komai ya tsaya cik. Ya ce, "Kun gani, Baba? Wayarka ba ta magana da tashi. Wannan kwamfutar kuke yi wa magana ku duka, ita take rarrabawa. Ita ce saba, wasu na ce mata uwar garke. Ranar da ta kwanta, kun kwanta."

Na ce wato ɗan kamasho ce a tasha, kowane fasinja sai ya bi ta hannunshi, shi ya san wa ke cikin wace mota. Ya yi dariya ya ce ko a aji ba a yi mashi bayanin da ya kai wannan ba. Yarinyar, wadda nake ce ma ɗiyata, ta ƙara mani da cewa shafin intanet na yau da kullum kamar aiken yaro ne madafa: ya je ya tambaya an sauke, a ce a'a, ya dawo, a sake aiken shi. Ita kuwa hira da wasa ba su jure wannan zirga-zirga, sai an bar ƙofa a buɗe tsakanin waya da saba, duk wanda ke da magana ya faɗa nan take. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ita ake kira WebSocket, a 2011 aka tsayar da ƙa'idarta. Sabar kuma da yaren kwamfuta na JavaScript suka rubuta ta, bisa Node.js, manhajar da ke tafiyar da wannan yare a saba, wadda ta fito a 2009. Injiniya ya ce kada in ɗauka wani sabon abu suka ƙirƙiro, tun 1988 wani ɗalibi a ƙasar Finland ya yi IRC, ɗakunan hira na mutane da yawa, shekaru kafin a haife shi. Ni dai abin da ya faɗo mani a rai 2go ne, wanda 'yan Afirka ta Kudu suka yi, lokacin da ƙannenmu ke kwana danne-danne a ƙananan Nokia suna shiga ɗaki suna fita. Ashe abin da muka riƙa yi masu faɗa a kai shi muka zo saye da kuɗinmu.

Sai batun dara. A sati na biyar suka kira mu mu ga wasan. Ƙaramin ya buɗe cike da alfahari, ga allo ya sha zane kalar itace, ramuka 12 layi biyu, kowane rami da 'ya'ya huɗu, 48 ke nan. Ma'aji ya kalle ni na kalle shi. Wannan ai darar zuba 'ya'ya ce, irin wadda Yarabawa ke kira ayo, wadda a gidajenmu mata da yara suka fi yi. Su ita suka sani da sunan dara, kuma ba su yi ƙarya ba, sunanta ke nan. Tamu ta maza ce ta gindin itace, mai gida 30. Aka ɗauko takarda, ga "dara" a rubuce ba ƙarin bayani. Ba wanda ya isa ya ce laifin wani ne shi kaɗai. Muka ƙara masu 100,000, suka bar mana waccan a matsayin gyara, kuma yanzu matan gidajenmu sun fi mu amfani da ita.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi komai burge ni a duk aikin. Injiniya ya ce ba zai sake rubuta layi ɗaya ba sai ya ga wasan da idonshi. Ranar Juma'a bayan la'asar na kai shi gindin bedi. Sarkin Dara ya share ƙasa da tafin hannu, ya dangwala gidaje da ɗan yatsa, shida-shida layi biyar. Ya ba yaron tsakuwa 12, shi ya riƙe tsinke 12. Ya nuna mashi yadda ake fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera ukku ba tun a zubi. Idan an gama zubi sai tafiya, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Ka jera ukku ka ci ɗa guda na abokin karawarka, ka jera huɗu ba ka ci komai ba. Yaron nan ya tsuguna da wandonshi mai tsada cikin ƙura, littafi bisa gwiwa, aka yi mashi ci bakwai a jere bai ko kusa ramawa ba. Sarkin Dara har ya kafa mashi abin da mu muke ce ma doki, ya matsa ya ci, ya dawo ya ci, yana yi yana tsokanar shi, "Ina digirin, ɗana?"

To amma da yaron ya fara tambaya sai dariya ta koma ciki. "Baba, idan tafiya ɗaya ta jera ukku ta nan ta kuma jera ukku ta can, ɗa ɗaya za a ci ko biyu?" Sarkin Dara ya ce ɗaya. Wani dattijo ya ce biyu, haka suke yi a Rimi. "Idan mutum ya jera ukkunshi suna tsaye, ana iya cin ɗaya daga ciki?" Aka rabu gida biyu. "Idan aka toshe mutum ba ya da inda zai matsa fa, an cinye shi ne ko ya ba da hannu?" Nan fa majalisa ta kaure, mutanen da suka shekara talatin suna wasa tare kowa na rantsuwa tashi ce dokar asali. Wani ya ce ai ya danganta. Injiniya ya ce, cikin ladabi, "Kawu, kwamfuta ba ta san ya danganta ba. Ko i ko a'a." Sai da aka kira magariba ba a gama ba. Washegari na zauna na rubuta dokokin darar majalisarmu a shafi ɗaya, karo na farko tun da aka kafa ta, aka tura wa na nesa, aka kaɗa ƙuri'a kan guda ukku da aka kasa daidaitawa. Ko da manhajar ta mutu gobe, wannan shafin ya rage mana.

Gwajin farko da mutanen nesa ya kusa haddasa abin da ya fi na zaɓe muni. Alhaji na Jidda ya kara da mutumin Maraɗi. Can cikin dare sai ga hoton fuskar waya daga Alhaji, allo na nuna ya cinye. Minti biyu sai ga na mutumin Maraɗi, shi ma allonshi na nuna shi ya cinye. Wasa ɗaya, allo biyu, gwani biyu. Kalmar maguɗi ta fito, aka fara tono tsofaffin basussuka. Da sassafe na hau babur sai shagon, raina a ɓace.

Ɗiyata ba ta ce mani komai ba, ta jawo kujera ta buɗe wani baƙin allo mai rubutu tsibi, inda saba ke rubuta duk abin da ya wuce ta hannunta da lokacinshi. Ta bi layi-layi da ɗan yatsa har ta tsaya. Ta ce, "Ga shi nan, Baba. Ba wanda ya yi maguɗi." A tafiya ta 19 sabis ya ɗauke a Maraɗi na 'yan daƙiƙu. Mutumin ya matsa ɗanshi, wayarshi ta nuna mashi ya matsa, amma saƙon bai isa saba ba. Da sabis ya dawo, kowace waya ta ci gaba da lissafinta, shi yana wasa da allon da Alhaji bai taɓa gani ba. Matsalar, in ji ta, sun bar wa wayoyi hukunci, kowace na yanke wa kanta abin da ya faru. Injiniya ya ce kuskurensu ne, gaggawa suka yi, kuma ba za su karɓi ko kwabo kan gyaran ba. Sati biyu suka yi suna warware wannan sashe suna sake ɗinkawa. Yanzu saba ce alƙali. Waya roƙo kawai take yi, "ina so in matsa daga nan zuwa nan", saba ta duba doka, ta amince ko ta ƙi, ta ba tafiyar lamba, sannan ta sanar da kowa. Wanda sabis ya yanke wa, idan ya dawo ba a tambayar wayarshi me ta tuna, allon gaba ɗaya ake sake aiko mashi. Ludo ma a saba ake jefa ƙwayar, don kada wani ɗan ƙwalisa ya koya wa wayarshi fitar da shida kullum. Tun daga ranar ba mu sake ganin allo biyu ba, ko da kuwa mutum na cikin mota tsakanin Mashi da Daura inda sabis ke zuwa yana tafiya.

Abin da gyaran ya jawo shi ne ɗan jinkiri, ka taɓa ɗa sai ya yi kamar ƙiftawar ido kafin ya motsa. Da na yi ƙorafi sai aka gaya mani sabar da suka kama haya a Frankfurt take, ƙasar Jamus. Wato idan na yi wa maƙwabcina na Ƙofar Guga sallama, sai ta je Turai ta dawo kafin ya amsa. Na daina ƙorafi.

Akwai ƙananan abubuwa da suka nuna mani amfanin ba ɗan gida aiki. Da farko sun sa wa kowace tafiya daƙiƙa 30, ka wuce an cinye ka. Rana ta biyu Sarkin Dara ya ajiye waya ya tafi sallar isha'i, ya dawo ya tarar an ba wani yaro nasara a kanshi. Ban gama ba da labari ba Injiniya ya dafe kai. Kwana biyu suka ƙara maɓallin da suka sa wa suna "Na tafi masallaci", ka danna wasa ya tsaya minti 20, abokin karawarka na ganin dalili. Wane kamfanin waje zai yi maka wannan? Saƙonnin Alhaji kuma da farko suna zuwa da lokacin da bai yi ba tukuna, saboda Jidda na gabanmu da awa biyu, sai amsar da aka ba shi ta hau bisa tambayar da ya yi. Suka mayar da komai kan agogon saba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sun fara fitowa a matsayin alamar tambaya, har sunan ƙofar da shagon yake ta koma "?ofar ?aura". Wannan ma sun gyara rana ɗaya, sun ce rumbun ajiyar ne ba a saita shi kan UTF-8, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, yadda ya kamata ba.

Kacici-kacicin shi ne na yara da iyayensu mata. Manhaja ta jefo "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", wanda ya riga rubuta tsintsiya ya ci. Ta jefo "Baba na ɗaka gemu na waje", a yi ta rige-rige. Ƙaramin nan mai zane shi ya kawo shawarar cewa wanda ya kasa sai ya ba da gari kamar yadda ake yi a dandali, kuma manhajar na tara wa kowa garuruwan da ya ci. Ɗiyar Ma'aji 'yar aji biyar yanzu ita ke riƙe da Kano da Zariya da Makka. Aibinshi ɗaya, tambayoyi 120 kawai muka iya tarawa, yara sun haddace su cikin wata guda. Ludon kuwa ba abin da zan ce, ludo ne.

Yanzu sai inda suka ɓata mani rai, kuma ba ƙaramin ɓaci ba.

Ba su gaya mani da baki buɗe cewa manhaja dabba ce mai cin abinci kullum ba. Ni na ɗauka kamar gini ne, a gama a ba ka makulli. A takarda an rubuta "kuɗin saba na shekarar farko na ciki", ni kuma ban tambayi na shekara ta biyu ba, su ma ba su ɗaga maganar ba. Hayar ba ta da yawa a bakin mai dala, ba ta kai dala 10 a wata ba, amma da dala ake biya. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga kuɗin sunan shafi duk shekara. Ga Play Store da ke karɓar dala 25 sau ɗaya, sannan sabon asusu sai an yi kwana 14 ana gwaji da mutane kafin a bari ka saki manhaja. Masu iPhone su biyar sai muka ce su riƙa shiga ta burauza, don Apple dala 99 yake karɓa duk shekara, ba mu ga dalili ba. Duk waɗannan a guntu-guntu na riƙa jin su, kowanne ranar da ya taso. Da sun zaunar da ni tun farko sun rubuta mani abin da za mu riƙa kashewa duk shekara, da na kai wa majalisa lissafi ɗaya, ba in riƙa komawa da ƙoƙon bara ana kallona kamar ni ke cinyewa ba.

Mafi muni shi ne ranar da aka rufe sabar. Injiniya ya tafi bautar ƙasa wata jiha ta kudu, katin dalar da ake biyan haya da shi nashi ne, kuɗin ciki ya ƙare, saƙon gargaɗi na shiga imel ɗin da ba ya dubawa. A lokacin kuma yawancin katunanmu na naira ba su biyan kuɗi a waje, balle in ce zan biya da kaina. Muna tsakiyar gasar dara, an kai zagayen kusa da na ƙarshe, sai manhaja ta ƙi buɗewa. Na kira shi ya fi sau goma, yana sansani waya a kashe. Kwana huɗu muna a rufe. Ɗiyata ce ta yi ta fafutuka har ta samo hanyar biya, ta tayar da sabuwar saba daga ajiyar da take yi da kanta. Sai dai ajiyar ta kwana shida ce, duk sakamakon wasannin satin ya tafi. Mutumin Maraɗi, wanda ya fitar da Alhaji a wannan satin, har yau bai yafe ba, kuma Alhaji ya ce shi bai tuna an yi wannan wasa ba.

Bayan wannan ne na je na zauna na ce sai an mayar da komai da sunan majalisa: asusun saba, imel, da kwafin rubutun manhajar kanta. Ba su yi gardama ba, sun ba ni a filashi sun kuma buɗe mana asusu a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, amma ai bai kamata sai na tambaya ba. Wanda duk zai ba su aiki, ko ya ba waninsu, ya sa wannan a takarda tun ranar farko, ya kuma sa sunan wanda za a kira idan babban ba ya nan.

Sauran ƙorafin ƙanana ne amma suna cizo. Sanarwar sabon saƙo ba ta zuwa a wasu wayoyin sai ka buɗe manhajar, saboda tsarin tsimin batir na kashe ta a ɓoye, kuma sai an bi waya ɗaya-ɗaya an saita. Ni na zama mai wannan aikin. Saƙon murya bai cikin yarjejeniya, alhali rabin dattawanmu ba su rubutu, da baki suke yi. Da aka ƙara shi sai da muka sake biya, kuma an taƙaita shi a minti ɗaya don kada rumbu ya cika, abin da Alhaji ya ɗauka da shi ake. Data kam ba ta ci sosai, tafiyar dara 'yan haruffa ce kawai ake aikawa. Da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, ba wanda ya ce zai daina wasa saboda haka.

Akwai kuma maganar sirri, wadda ita ma ɗiyata ce ta faɗa mani ba tare da na tambaya ba. WhatsApp tun 2016 yake kulle saƙo daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, ko su kamfanin ba su karantawa. Tamu ba haka take ba. A kan hanya saƙon a kulle yake, amma idan ya isa saba a buɗe yake zaune, duk mai makullin sabar zai iya karantawa. Ta ce gina irin wancan kulli aiki ne babba da ba su da ƙwarewar da za su yi mana alkawarinshi. Na ji daɗin gaskiyarta, na kuma sanar a majalisa cewa maganar kuɗi da ta iyali a bar ta inda take, nan wurin dara ne da tsokana.

To, in an tambaye ni ko a je wurinsu? Idan abin da kake so wurin hira ne kawai na ƙungiya ko na dangi, kada ka ɓata kuɗinka, su da kansu za su gaya maka haka. Idan kuwa kana da wani abu naka da babu shi a kasuwa, wasan gargajiya ko gasar ɗalibai ta makaranta ko wani abu mai dokokin gida, sun iya aiki, suna saurare, kuma idan sun yi kuskure ba su ɓoyewa. Hannunsu a rubutun manhaja ya fi hannunsu a lissafin kasuwanci nesa ba kusa ba. Ka je da takardarka ka yi masu tambayoyin da ba su iya yi wa kansu ba tukuna, ka kuma tabbatar yarinyar nan na cikin aikin.

Mutum ukkun da suka fice lokacin zaɓe, biyu sun dawo ta ƙofar dara, ba wanda ya ba wani haƙuri, kawai aka ga sunansu a jerin masu jiran karawa. Na ukkun ya ce sai an cire Ma'aji.

Juma'ar da ta wuce na bi ta gindin bedi bayan la'asar. Na tarar da Sarkin Dara zaune, jikanshi na gefe riƙe da waya. Tsohon ya dangwala gidajenshi 30 a ƙasa kamar kullum, ga tsinke ga tsakuwa, amma ba kowa a gabanshi. Yaron zai duba waya ya ce, "Alhaji ya matsa na layi na biyu zuwa hagu," sai tsohon ya ɗauki tsakuwar Alhaji ya matsa mashi ita a ƙasa, ya yi shiru yana kallo, sannan ya matsa tsinkenshi ya ce wa yaron ya danna. Ya ce shi ba ya iya tunani a kan gilashi. Na tsaya har ya kafa wa Alhaji doki. Yana cikin ci na ukku sai ga rubutu ya fito a wayar, yaron ya karanta da ƙarfi: "Na tafi masallaci." Tsohon ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ƙirga awa biyu da yatsu, ya ce, "Wace salla ce yanzu a Jidda? Ƙarya yake, gudu ya yi."